Ɗiyan Kifin Malam Labbo

Akwai wani ɗan kasuwa a Sabon Birni, sunansa Hafizullahi. Sana'arsa fatauci ce tsakanin kasuwannin Gobir da Maraɗi. Yakan tafi da kaya, ya dawo da wasu, kuma Allah ya buɗa masa tun da ƙuruciya. Bai cika arba'in ba ya gina gidan bulo mai babban falo, ya shimfiɗa kafet, ya kafa sola a kan rufi.

Hafizullahi ba mugu ba ne. Yana da kyauta, yana da zumunci. Sai dai yana son a riƙa ganinsa ɗan birni, kuma ba ya son duk abin da zai tuna wa mutane cewa a gona ya tashi.

Wata rana a Sakkwato ya ga akwatin gilashi cike da ruwa a falon wani abokin cinikinsa, ƙananan kifaye masu launi suna yawo a ciki. Abin ya burge shi. Bai bar garin ba sai da ya sayi irinsa, da kifi goma sha biyu, da ɗan injin da ke hura iska a cikin ruwan. Aka kafa shi a falo daidai inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Matarsa Lailatu ce ke zuba musu abinci. Shi nasa kawai ya nuna wa baƙi.

Mahaifinsa, Malam Labbo, manomi ne a Gatawa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, yana zaune da autansa Yari, su biyu suna noma gero da dawa. Sau da yawa Hafizullahi ya roƙe shi ya dawo gari saboda rashin tsaro, tsohon yana cewa ba zai bar gonar da ubansa ya sare ba.

Ana haka, wata safiya 'yan bindiga suka faɗa wa manoma a bakin daji. Yari yana cikin waɗanda ba su dawo da rai ba. Malam Labbo da hannunsa ya ɗauko shi.

Bayan addu'ar bakwai, Hafizullahi ya je da mota ya ɗauko mahaifinsa. Wannan karon tsohon bai yi gardama ba. Ya ɗauki buzunsa da butarsa da 'yar jakar tufafi, ya shiga mota.

An ba shi ɗaki mai kyau, da katifa da fanka. Amma mutumin da ya shekara sittin yana fita gona da sassafe, yanzu ba shi da abin yi sai zama. In an kawo abinci ya yi loma biyu ya rufe. In an gaishe shi ya amsa a taƙaice. Riga ta fara yi masa yawa. Hafizullahi ya kai shi asibiti, aka duba aka ce babu wata cuta a jikinsa, damuwa ce.

Wata uku ana cikin wannan hali.

Ran nan Lailatu tana shara a falo, sai ta ga surukinta ya shigo ya tsaya gaban akwatin kifin, ya kafa masa ido. Can ya kira ta da wata murya da ta daɗe ba ta ji ba.

"Lailatu, taho ki gani. Wagga ja ta haihu."

Ta matso ta duba. Da ƙyar ta hango su, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa kamar ɓurɓushin dusa, ido biyu da 'yar wutsiya, suna maƙale a jikin duwatsun ƙasa. Tana kallo wani babban kifi ya zo ya haɗiye guda.

Malam Labbo ya ce ta yi maza ta kawo ludayi da roba mai tsabta. Ya durƙusa, ya ɗebi ruwan akwatin ya zuba a robar, sannan ya shiga kamo su ɗaya bayan ɗaya. Bai gaji ba. Sai da aka kira azahar ya miƙe. Ya ƙirga, ya samu goma sha tara.

Ranar ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙarin miya.

Tun yana saurayi Malam Labbo yakan bi masunta zuwa fadama da rani, saboda haka ya san halin ruwa da na kifi. Abin da bai sani ba kuma ya koya da kallo. Ya lura abincin gwangwani ya fi ƙarfin bakinsu, sai ya sa Lailatu ta dafa ƙwai, ya ɗebi gwaiduwar da kan tsinken ashana ya narkar musu. Ya lura in abincin ya yi yawa ruwan yakan yi fari ya fara wari, sai ya rage. Ba ya zuba musu ruwan da aka jawo nan take. Sai ya kwana biyu a bokiti a inuwa, kuma ba ya canjawa gaba ɗaya, kofi uku zai kwashe ya mayar da kofi uku. Ya yanki tsohon gidan sauro ya ɗinka 'yar koma da waya. Har bakin gulbi ya taka da ƙafarsa ya samo kainuwa ya zuba musu, don su sami wurin ɓuya.

Wannan ce fitarsa ta farko daga gidan ban da masallaci da asibiti.

Sauran kifayen ma suka yi ta haihuwa. Roba ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama uku, kowace da masu girma ɗaya. Falo ne ya fi ko'ina sanyi a gidan, don haka nan ya jera su a gindin akwatin, ya shimfiɗa buzunsa kusa da su. Kullum bayan asuba sai ya ƙirga su. Sun kai hamsin da uku.

Ya fara hira. Yana ba kifin abinci yana ba Lailatu labarin Gatawa ta dā, da shekarar da gero ya yi kyau har rumbu ya kasa ɗauka. Rannan har ya ambaci sunan Yari, ya ce yaron ma haka yake da son dabba, ya taɓa rainon ɗan akuya da madarar kofi. Ya faɗa ba tare da muryarsa ta karye ba.

Hafizullahi ya ga mahaifinsa ya murmure, ya ji daɗi. Amma duk lokacin da ya shigo falo ya ga robobi, da bokiti, da jiƙaƙƙen kafet, da warin kainuwa, sai ransa ya sosu. Ya yi wa Lailatu magana sau biyu a kan a mayar da kayan ɗakin Baba. Ta ce ɗakin yana fuskantar rana, ruwan zai yi zafi. Ta roƙe shi ya yi haƙuri, tunda abin da magani ya kasa yi, kifin nan sun yi.

Amma bai haƙura ba.

A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kai mutum ƙasa, wasu manyan 'yan kasuwa uku daga Maraɗi suka ce za su kawo masa ziyara. Mutane ne da ya daɗe yana neman shiga cikinsu. Ya sa aka yanka rago. Ya ce wa Lailatu lallai a gyara falo kafin azahar, ya fita tarbo su.

Baƙin suka iso tun da hantsi, da wuri fiye da yadda aka tsara. Lailatu tana madafa hayaƙi ya rufe ta, ba ta kai ga falo ba.

Hafizullahi ya yi sallama ya shigo da su. Ga Malam Labbo zaune a kan buzu, da tsohuwar rigarsa ta gona wadda ya fi so, hannun riga a naɗe, yana ɗiga gwaiduwa a roba. Ya ɗago da fara'a ya yi musu maraba.

Babban cikinsu ya amsa, ya yaba kifin, sannan ya juya ga Hafizullahi ya tambaya ko wannan dattijon ne mai kula masa da su.

Kalma ɗaya ce ta isa. Amma Hafizullahi ya dubi shaddodin baƙinsa, ya dubi rigar mahaifinsa mai faci a kafaɗa, sai ya ji bakinsa ya ce:

"E, wani dattijo na daga ƙauyenmu."

Malam Labbo bai ɗago ba. Tsinken ashanar da ke hannunsa ya tsaya cak a kan ruwa.

Da baƙin suka zauna, Hafizullahi ya sunkuya ya raɗa masa cewa ya je ɗaki ya huta. Tsohon ya naɗe buzunsa ya fita. Hafizullahi kuma ya kwashi robobin uku da sauri, ya kai bayan gida ya ajiye a kan siminti jikin katanga. A lokacin akwai 'yar inuwa a wurin. Bai yi tunanin rana tana tafiya ba. Ya wanke hannu ya koma wurin baƙinsa.

Aka ci, aka sha, aka yi dariya, aka ƙulla abin da aka zo ƙullawa. Malam Labbo bai fito ba. A ɗaki ya yi azahar, a ɗaki ya yi la'asar, don kada ya sake gittawa ta gaban baƙin ɗansa.

Sai da ya ji tashin motarsu ya fito neman robobinsa.

Hafizullahi ya dawo daga rakiya yana murmushi, ya tarar da gidan tsit. Ya zagaya baya. Mahaifinsa yana tsugune, ya tsoma yatsa a cikin ruwan da ya yi zafi kamar an ɗora a wuta. Kainuwar ta yi laushi. Ɗiyan kifin duk sun taso sama, fararen cikinsu a waje. Ko ɗaya bai motsa ba. Lailatu tana tsaye gefe, ta toshe baki da mayafi.

Tsohon ya ɗauki robobin ɗaya bayan ɗaya ya juye a gindin zogale. Ya wanke su, ya kife a jikin bango.

Hafizullahi ya ce mantuwa ce. Ya ce kifi ne kawai, in ya je Sakkwato zai sayo wasu ko ɗari ne. Malam Labbo ya gyaɗa kai, ya ɗauki butarsa ya tafi alwalar magariba.

Washegari bayan karin kumallo ya fito da jakarsa da buzunsa.

"Za ni Turba in ga Fatu. Na kwana biyu ban gan ta ba."

Fatu ita ce babbar 'yarsa, yayar Hafizullahi, tana aure a Turba ta ƙasar Isa. Lailatu ta durƙusa tana kuka tana ba shi haƙuri. Ya ce mata ba ta yi masa komai ba sai alheri, ya sa mata albarka. Hafizullahi ya ce zai kai shi da mota, tsohon ya ce ya bari, yana da ayyuka, motar haya ta isa. A tasha, da zai shiga mota, ya dubi ɗansa ya ce Allah shi yi albarka, shi ƙara buɗi. Ko a fuska bai nuna komai ba.

Hafizullahi ya dawo gida yana faɗa wa kansa cewa fushin tsofaffi ne, mako guda zai huce ya dawo. Da ya faɗi haka a gaban Lailatu, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Tunda suka yi aure ba ta taɓa mayar masa da magana ba.

"Alhaji, kai kana ganin don kifi Baba yat tahi? Ina bakin ƙoha da tiren ruwa sa'adda kac ce wani dattijo na. Na ji, shi ma ya ji."

Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Mako ya wuce, biyu suka wuce, Malam Labbo bai dawo ba. Hafizullahi yakan aika da buhun shinkafa da kayan shayi, Fatu ta kira ta ce sun iso, an gode. In ya tambayi Baba sai ta ce yana nan, ya koma shirunsa. Sau da yawa ya ɗauki waya zai ce a ba shi tsohon, sai kunya ta kama shi ya ajiye. Bai san ta inda zai fara ba.

Ana nan sai jar kifin ta sake haihuwa. Lailatu ta kwashe ɗiyan a roba kamar yadda ta ga ana yi. Hafizullahi ya tsaya yana kallonsu, sai wata dabara ta zo masa. Zai raine su da hannunsa har su yi ƙwari, ya kai wa mahaifinsa Turba, ya durƙusa ya nemi gafara. A ganinsa hakan ya fi zuwa hannu rabbana.

Ya karɓi aikin da zafinsa. Ya marmasa rabin gwaiduwa ya zuba musu don su yi saurin girma. Kafin yamma ruwan ya yi fari. Ya tsorata, ya juye shi duka ya zuba sabo daga tanki. Da safe babu mai rai.

Ya daɗe zaune gaban robar. Abin da tsoho mai rawar hannu ya yi wata biyu yana yi ba tare da asarar ko ɗaya ba, shi ya kasa yin sa kwana guda. Ranar ce ya fara gane yawan haƙurin da ya kwasa ya ajiye a rana.

Bayan kwana goma wata kifin ta haihu, guda ashirin da biyu. Wannan karon ya kira Fatu, ya ce ta ba shi Baba.

Suka gaisa kamar baƙi. Hafizullahi ya kasa faɗin maganar da ya shirya, sai ya ce:

"Baba, baƙar nan mai doguwar wutsiya ta haihu. Ban san yadda za ni yi da su ba."

Ya ji tsohon ya gyara zama.

"Guda nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Ka raba su da uwayen?"

"Na raba."

"To kak ka ba su komi yau. Gobe ka ɗiba da kan tsinke, ba da yatsa ba. Kai hannunka na da yawa."

Daga ranar, kusan kullum bayan la'asar sai Hafizullahi ya kira, in an yi sa'a layi ya shiga. Fatu ta ce da lokacin ya yi Baba yakan jawo buzunsa kusa da inda wayar take, ya zauna yana jira. Zancensu bai wuce kifi ba. Wane launi ruwan ya yi, sun fara bin yatsa ko ba su fara ba, a cire wanda ya fi sauran girma kada ya danne su. Hafizullahi, wanda yaransa na kasuwa ke tsoron faɗansa, ya koma yana tashi da asuba yana kwashe kofi uku yana mayar da kofi uku. Da kansa ya je gulbi ya shiga taɓo da wandon shadda ya ɗebo kainuwa. Guda biyu suka mutu, ashirin suka rayu.

Kullum in za su yi sallama sai ya ce a ransa yau zai faɗa. Kullum sai ya ƙare da cewa, "To Baba, sai gobe." Yakan lallashi kansa da cewa irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai ido da ido.

Wata rana ya gaya wa tsohon cewa zai kawo masa kifin. Malam Labbo ya ce kada ya ɗauko su yanzu, hanya za ta kashe su, ya bari su kai tsawon gaɓar yatsa. Ya ce zai kai mako shida.

Ba abin da ya hana Hafizullahi zuwa ba tare da kifi ba. Turba ba nisa gare ta ba. Gaskiya ne hanyar Isa ba kullum take biyuwa ba, amma mutane suna bi, shi ma duk mako yana ƙetarawa Maraɗi ta hanyar da ba ta fi ta aminci ba. Lailatu ta faɗa masa haka. Ya ce saura kaɗan.

Damina ta faɗi. A mako na huɗu Fatu ta ce Baba yana tari, ƙafafunsa sun ɗan kumbura. Hafizullahi ya aika da magani, ya ce a kai shi asibitin Isa, aka kai shi aka dawo. A mako na biyar ta koma gefe da wayar ta rage murya.

"Hafizu, ka taho ka ga Baba. Bar zancen kifin nan, kai shika son gani."

Ya ce kaya sun iso masa daga Maraɗi, in ya sallame su ranar Alhamis yana tafe, da kifin gaba ɗaya, tunda sun kusa kai yadda Baba ya ce.

Ranar Laraba da la'asar suka yi waya. Muryar tsohon ta yi ƙasa, yana magana yana hutawa. Ya ce a yanke saman jarka don iska ta shiga, kada a cika ta da ruwa, kada a ba su abinci ranar tafiya, a rufa jiƙaƙƙen buhu a kai. Hafizullahi ya ce to. Ya ce, "Baba..." Tsohon ya ce na'am. Ya ce, "Sai na iso goben."

Ranar Alhamis ya shirya tun da safe. Ya ɗaure jarkar a kujerar gaba, ya sa sabuwar rigar da ya ɗinka wa mahaifinsa a baya. A bakin gari ya tarar da motoci sun tsaya, direbobi sun ce a jira a ji labarin hanya tukuna, a tafi a ayari. Sai da rana ta ɗaga sosai aka tashi. Tun da asuba babu layin waya a yankin. Yana tuƙi a hankali saboda ramuka, hannu ɗaya a kan jarkar, yana maimaita abin da zai faɗa in ya durƙusa.

Ya shiga Turba gab da azahar. Tun daga kan kwana ya hango tabarmi a ƙofar gidan mijin Fatu, da maza zazzaune. Wasu suna wanke ƙafa, da jar ƙasa a jikin wandunansu.

Ya kashe mota, ya kasa fitowa.

Mijin Fatu ne ya zo ya buɗe masa ƙofa, ya riƙe hannunsa. Ya ce bayan sallar asuba ne Baba ya cika, yana zaune a kan buzunsa da tasbaha. Sun yi ta neman layinsa bai shiga ba. Sun jira har hantsi ya yi, liman ya ce kada a ƙara jinkiri. Yanzu suka dawo.

Aka raka shi maƙabarta. Ya tsuguna gaban sabuwar ƙasa ya yi addu'a. Maganar da ya yi ta maimaitawa a hanya ya faɗe ta a nan, da ƙarfi, har waɗanda suka rako shi suka kau da kai.

Da ya shiga cikin gida, Fatu ta tarbe shi da jajayen idanu. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaya ina kifin. Ya ce suna mota. Ta ce ya ɗauko.

Ta kai shi bayan ɗakin da Baba ke kwana. A ƙarƙashin rumfar kara akwai tsohuwar randa mai faɗin baki, an wanke ta fes, cike da ruwa garai-garai, an rufe da faifai. Fatu ta ce tun ranar Lahadi ya fara cika ta. Da ɗan kofi yake ɗebowa daga tulu, ya taka ya zuba, ya zauna ya huta, ya sake tashi. Ta ce ta yi ta yi ya bari ta cika masa, ya ƙi. Duk wanda ya shigo duba shi sai ya ce masa Hafizu na nan tahe ranar Alhamis.

Hafizullahi ya durƙusa ya karkata jarkar a hankali. Kifi ashirin suka shiga randar, suka watsu, suna kewaya. Babu wanda ya mutu a hanya.

Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya tambayi abin da ke cinsa.

"Yaya, ya ce ya yahe mani?"

Fatu ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta ce tunda Baba ya zo bai taɓa gaya mata abin da ya faru ba, a bakin Lailatu ta ji. Ta ce ba ta taɓa jin ya ambace shi da mugun abu ba, kuma kowace salla yana sa shi a addu'a.

"Amma ba ni yi maka ƙarya, Hafizu. Ban ji ya ce ya yahe ba. Ba ka tambaye shi ba."

Ya kifa kansa a bakin randar ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne Yari.

Ya zauna Turba har aka yi addu'ar bakwai. Rigar da ya zo da ita ya ba wani tsoho maƙwabcinsu. Kifin ya bar wa Fatu, ya koya mata yadda ake kula da su, kalma bayan kalma kamar yadda aka koya masa a waya.

Hafizullahi yana nan a Sabon Birni har yanzu, kasuwancinsa na tafiya. Ya haƙa rijiya a Turba da sunan mahaifinsa, yana sadaka, yana addu'a. Malamai sun gaya masa rahamar Allah tana da faɗi, kuma uban da ke yi wa ɗa addu'a bai riƙe shi a zuci ba. Ya yarda da su. Amma waɗanda suka san shi sun ce tun daga lokacin dariyarsa ba ta kai ciki.

Wani direba da ke yi masa dakon kaya ya ba ni labari. Ya ce rannan suna lodi a tasha, mahaifiyarsa ta kira shi daga ƙauye, ya amsa mata da gajen haƙuri ya ce yana aiki, ya kashe. Alhaji Hafizullahi yana jinsa. Ya zo ya karɓi makullin motar daga hannunsa, ya ce lodin ya jira.

"Kira ta yanzu ina tsaye. In ka gama ka hau babur ka tahi ka gan ta. Yau, ba gobe ba."

Direban ya ce ya tafi. Ya ce da ya waiwayo daga kan babur, ya ga Alhaji ya juya wa mutane baya yana share ido da hannun riga.

Darasi: Kada ka ji kunyar iyayenka a gaban kowa, domin duk matsayin da ka taka, da wahalarsu ka taka shi. Kada ka raina ɗan abin da ke faranta ran tsoho ko mai baƙin ciki, wataƙila shi kaɗai ya rage masa. In kuma ka ɓata wa wani, musamman mahaifi ko mahaifiya, kada ka jira sai ka shirya kyauta ko ka sami lokacin da ya dace. Buɗe baki ka ce a yafe maka tun ana jin muryarka. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai karanta ya ɗauki waya yau.